Kwamfutar da Ta Ba Gwaggo Taki

Mutum ɗaya nake tsoron fushinta a duniyar nan, ita ce gwaggona, yayar mahaifina da ke zaune a Gangara. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita kuma ta ja kunnena ta kai ni makarantar boko a lokacin da mahaifina yake ganin ƙafafuna sun yi ƙwarin bin sa fatauci Nijar. Hedimasta yana iya yi mini tsawa a gaban ɗalibai in koma gida in yi barcina. Matata tana iya yini ba ta ce mini uffan ba, in ci tuwona har in nemi ƙari. Amma in Gwaggo ta kau da kai daga gaisuwata, ko ruwa ba ya wuce mini maƙogwaro. Duk shekarun da na yi ina rubuta ƙagaggun labarai da biro ba abin da ya taɓa haɗa ni da ita, sai da na sayi kwamfuta.

Ba wai rubutun yana da wata daraja a idonta ba ne. Tatsuniyar rana take ce masa. In na je gaishe ta na ce na gama wani labari, sai ta dubi hannuwana ta ce, "To, mi yah hito ciki?" In na ce bai kai ga fitowa ba tukuna, sai ta tura mini ƙwaryar fura ta ce in sha, ta ga na rame. Iyakar abin ke nan, kuma ya ishe ni.

A lokacin, in na taso daga makarantar da nake koyarwa a Sabon Birni, na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron ƙofar gidana, in ɗora littafin rubutu irin na ɗalibai a kan gwiwa, in kama aiki. Ba wanda ya taɓa damuna. A wajenmu mutumin da ya sunkuyar da kai yana rubutu da hannu ana ganin girmansa. Masu wucewa sukan rage murya su ce, "Sannu da aiki, Malam," su yi gaba, suna zaton ko makin jarrabawa nake haɗawa, ko wani abu na addini. Ba su san cewa a daidai lokacin ina tsakiyar haɗa wani mutum faɗa da surukinsa ba. Asarar da biro ya taɓa jawo mini ita ce riguna. Zafin garinmu yana narkar da shi a aljihu, don haka duk rigata mai daraja tana da shuɗin tambari a ƙirji, matata kuwa ta daina ma yi mini magana a kai.

Ina son rubutun hannu saboda jinkirinsa. Kafin hannu ya kai ƙarshen jimla, kai ya riga ya juya ta, ya auna ta, ya ga ko za ta iya tsayawa da ƙafarta. Ƙarya tana bukatar irin wannan lokacin kafin ta nuna. Haka na yi ta jan labarin wani ɗan kasuwa mai safarar kanwa da dabino a kan jakuna, a zamanin da ko hanyar mota babu, har littattafan suka taru suka cika wata tsohuwar jakar fata.

Mai buga littattafai da aka haɗa ni da shi a Sakkwato shi ya fara ɓata lamarin. Ya ce shi yanzu ba ya karɓar rubutun hannu, sai abin da aka buga a kwamfuta. Na kwashi rabin labarin na kai wa wani mai shagon buga takardu a Isa. Da na koma karɓa, sai na ga takardun ba su da kauri kamar yadda na zata. Na tsaya nan bakin shago ina dubawa, sai na tarar surukin jarumina, tsohon da na fi so a duk labarin, ya mutu tun kafin tafiya ta yi nisa.

"Wa ya kashe shi?" na tambaya.

"Ni na, Malam," in ji mai shagon, ko kunya babu. "Mutumen ga ya cika magana. In yab buɗe baki sai shi ci takarda guda. Yatsuna sun gaji da shi, sai nis sa mota ta bi ta kainai."

Na ce masa a zamanin labarin babu mota. Ya ce shi ya sa tsohon bai san ya kamata ya kauce ba. Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zai rubutu ba, ko da biro ko da kwamfuta. A cikin motar komawa gida na yi rantsuwa cewa daga ranar ba mai sake taɓa mini mutanena sai ni.

Wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya daga Maraɗi ya samo mini kwamfutar, irin wadda ake naɗewa kamar faifai biyu, ta hannu. Faransanci take ji. Duk abin da ya dame ta sai ta fito da ɗan akwati a tsakiyar fuska ta yi mini tambaya, ni kuwa in danna wanda ya fi kusa da yatsana in ce Allah ya sa alheri na zaɓa. Kowace kalmar Hausa na rubuta sai ta ja mata jan layi a ƙasa. Ni da na ƙare rayuwata ina jan layi a littattafan ɗiyan mutane, sai ga shi an samu mai rama musu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsabtarta. A takarda, jimlar banza da ganinta ka san ta banza ce, don hannu ma yakan yi mata rubutun ganin dama. A kwamfuta kuwa duk shirmen da ka zuba sai ya fito tsaf, a jere, kamar an buga shi a jarida. Sai na kasa bambance mai kyau da maras kyau. In rubuta, in goge, in sake rubutawa, in sake gogewa, tunda gogewar ba ta cin komai. Jarumina ya iso bakin gulbi da jakunansa zai ƙetare, nan ya tsaya. Rani ya shigo, bazara ta kama, yana nan tsaye. Kullum sai in tura shi cikin ruwa, in ga jimlar ba ta yi mini ba, in dawo da shi tudu.

Ga kuma batir. Ba ya kai tsawon shan kofin shayi. Wutar lantarki kuwa a unguwarmu sai dai labarinta. Dole ta sa na bar gindin dogonyaro na koma rumfar wani mai cajin waya a bakin tasha, wanda yake da sola a kan rufi. Ya ba ni benci da ɗan teburi kusa da soket, na sa tabarau, na buɗe kwamfuta ina fuskantar titi, ina tsintar baƙaƙe da yatsu biyu.

Da ina da wayo da na tuna halin da gari yake ciki. A shekarun, rashin kwanciyar hankali ya koro mutanen ƙauyuka da yawa cikin gari, masu rajistar tallafi kuma suka yawaita. Sukan zo da kwamfuta, su nemi rumfa da benci, su ɗauki sunaye su tafi. Bayan wani lokaci wasu su samu shinkafa, wasu tabarmi, wasu taki, wasu kuma ko tsinke. Amma kowa ya koyi darasi ɗaya: in ka ga mutum da tabarau da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, kada ka tsaya tambaya, nemi bayan wani ka tsaya.

Wani tsoho ne ya fara. Ya yi sallama ya durƙusa gefen teburi, ya cire takalmi.

"Yallaɓai, na mi na wanga karon?"

Ban taɓa jin an ce mini yallaɓai ba, har na waiga in ga ko da wani a bayana. Na ce, "Baba, labari nake rubutawa."

"To ai labarin munka zo badawa," in ji shi, ya gyara zama.

Ya fara ba ni labarin daminar bara, yadda ruwa ya ɗauke a lokacin da ake tsananin bukatarsa. Ya ce, "Gero ya yi ciki, yat tsaya nan da cikinai, bai haihu ba, bai ɓarar ba, muna kallonai shina kallonmu." Duk marubuci ya san abin da ke kama mutum in ya ji magana irin wannan. Da a gindin dogonyaro ne, da na rubuta ta a bayan littafi ba wanda ya kula. Sai yatsuna suka hau madannai, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Don in san inda ake irin wannan magana, sai na ƙara da tambayar da ta kashe ni: "Baba, kai mutumin ina ne?"

Ya ce Tsamaye. Ya faɗi sunansa, da na mahaifinsa, da na mai unguwarsu. Da na ɗaga kai, layi ya wuce teburin mai shayi ya karya kwana.

Na miƙe na yi bayani da Hausar da ko jariri zai gane. Na ce ni malamin makaranta ne, da yawansu sun san ni, na koyar da ɗiyansu. Suka ce ai shi ya sa aka ba ni aikin, an san ni da amana. Na juya musu fuskar kwamfutar na ce wanda ya iya karatu ya zo ya duba. Wani mai gyaran babur ya matso, ya bi layukan da yatsa mai baƙin mai, ya ga Unguwar Lalle, ya ga Isa, ya ga sunayen mutanen labarina, ya ga inda aka ɗora wa jaki buhu. Ya juya ya ce wa jama'a, "Walle da buhu ciki."

Mai cajin, wanda ya fi kowa sanin gaskiya, ya ga masu layi suna sayen ruwan leda suna miƙa wayoyi a sa musu caji. Sai ya fito yana tafa hannu yana cewa, "Ku bi a hankali, jama'a, Malam ba shi son hayaniya."

Raina ya ɓaci. Na buga murfin kwamfutar da ƙarfi. Wani daga baya ya ce, "An ruhe na yau." Wata mata ta tambaya gobe da wane lokaci za a buɗe.

Kafin mako ya zagayo gari ya gama yanke hukunci cewa na taki ne, tunda damina ta ƙarato. Duk musun da na yi sai ya zama hujja a kaina, wai ai dole in musa, na riga na cike gurbin da dangina. A masallaci in an sallame, na kusa da ni ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana faɗa mini sunansa a hankali kamar addu'a. Wani ya kawo ƙwan zabi gidana ba na nan. Ina dawowa na ce a mayar masa yanzu-yanzu, matata ta ce sai dai a mayar masa da ɓawon, yara sun gama da sauran.

Na ci gaba da zuwa rumfar don taurin kai. Na ce ba wanda zai kore ni daga soket. Ran kasuwa, rana ta take, ina fama da jarumina da gulbinsa, layi yana tsaye yana kallona, sai idona ya faɗa kan wani mayafi da na sani. Gwaggo ce, can tsakiyar layi, ta dogara da sandarta, ba ta ko dubi inda nake ba. Ban san lokacin da na tsallake benci ba.

"Gwaggo! Me kike yi a cikin rana?"

"Layi nika bi, kamar kowa," ta ce. "Tunda ɗan da nig goya bai ga damar aiko mini ba."

Na durƙusa a gabanta a cikin ƙasa, jama'a suna kallo. Na rantse mata babu rajista, babu taki, labarin nan ne dai da ta sani, na ɗan kasuwa da jakuna. Ta bar ni na gama tsaf.

"Ba kai da bakinka kac ce mini duk abin da kaka rubutawa ƙarya na, kai ka ƙaga shi?"

"Haka ne, Gwaggo."

"To mutumen da sana'atai ƙarya ta, yau shi za ni yarda da shi in ƙaryata gari guda?"

Ta juya ta nufi motocin Gangara. Na bi ta da ruwan leda, ba ta karɓa ba.

Na je Gangara ranar Juma'a da sukari da ganyen shayi. Na yi sallama, ta amsa sallamar don ta Allah ce, daga nan ta share ni. Na gaishe ta, ta juya wajen akuyarta da ke ɗaure a turke tana zuba mata dusa. "Ci abinki," take ce wa akuyar. "Ke dai ko ɗan kaɗan anka ba ki kina kaɗa wutsiya. Ke ba ki yi boko ba, shi yas sa." Na zauna a kan turmi har inuwa ta juya, duk hirar da akuya aka yi ta. Da zan tafi na tarar an rataye mini ledar sukarin a hannun babur.

Abin dariya ne yanzu da nake rubuta shi, amma a lokacin kuka ne kawai ban yi ba. Wata maƙwabciyarta ce ta tare ni a bakin hanya ta faɗa mini inda ciwon yake. Ba takin ne ya dame ta ba. A bakin rijiya mata suke ce mata, "Ke ai kin huta, ɗanki ad da abin, ke anka fara sawa." Ita kuwa ba ta da abin cewa. Tsohuwar da ta yi shekaru tana ba da labarin yadda ta tsaya har na zama malami, ga shi an wayi gari ɗan nata ya samu abin rabo ya manta da ita.

Na yi tunanin duniya ban ga hanyar da gaskiya za ta fitar da ni ba. Ranar Asabar na cika batir har wuya, na naɗe kwamfutar a cikin buhun hatsi, na ɗaure a bayan babur na koma Gangara. Na shiga, na ajiye buhun a gabanta, na zare ta.

"Gwaggo, na zo in sa sunanki."

Ta dubi kwamfutar, ta dube ni. Ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ni kuwa ina kallon batir yana tafiya. Ta fito ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta sa kwalli, ta zauna a kan tabarma ta miƙe wuya kamar za a ɗauke ta hoto. Na nemi yadda zan buɗe sabon shafi, kwamfutar ta fito da akwatinta ta yi mini Faransanci. Na ga in na tsaya gardama da ita za ta mutu a hannuna. Sai kawai na sauka ƙasan layin da jarumina yake tsaye a bakin gulbi, na ce, "Bismillah."

Ta faɗi sunanta, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba, ta faɗi na kakana. Ta ba da iyakar gonarta, daga tsamiyar da tsawa ta tsaga har zuwa inda ƙasa take fara ja. Ta ce gero take shukawa, da dawa kaɗan, da wake a tsakani, kuma a rubuta cewa gefen gabas ya gaji, ko mi aka sa masa sai ya fito kamar gashin tsoho. Tana magana tana lura da hannuna.

"Waɗancan da sunka zo bara ba su kallon yatsunsu," ta ce. "Kai ko nan ma na baya kake."

Ta sa na karanta mata daga farko, ta gyara mini wuri ɗaya. Sannan ta kira maƙwabciyarta ta katanga ta ce a damo fura, ɗanta ya zo tun ɗazu bai sha komai ba. Na sha furar nan har da kaɗa ƙwarya, rabona da jin daɗin abu a bakina tun ranar kasuwar.

A hanyar komawa ne lissafin ya fito mini fili. Sunan da aka sa, dole wani abu ya biyo bayansa. Da aka yi ruwan shuka na tafi Isa, inda masu taki ba su san fuskata sosai ba, na sayi buhu, na ba wani direba na ce ya sauke a ƙofar gidanta ya ce daga masu kwamfuta. Na riga na roƙe ta cewa in abin ya fito ta rufa mini asiri, don ba kowa aka samu sawa ba. Ta yi mini alkawari, kuma ta cika, mutum ɗaya kawai ta faɗa wa, a bakin rijiya.

Daga ranar kwamfutata ba ta sake ganin hasken titi ba. Sai da na yi kwanaki ina shiga makaranta ta bayan katanga. Caji kuwa, a cikin kwandon kayan miya matata take aika ta, an rufe da ganyen yakuwa. Na koma gindin dogonyaro da littafina da birona, ina jiran a biyo ni da layi. Ba wanda ya zo. Wani ya leƙo, ya ga biro, ya ce wa abokin tafiyarsa, "Mu tahi, na takarda ba shi hitowa." A yammacin farko da na koma, jarumina ya tattare riga ya kora jakunansa suka ƙetare gulbin, ban ko ɗaga hannu ba.

Tun daga nan na raba musu aiki. Biro ya ƙaga, kwamfuta ta kwafa, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Gwaggo kuwa ra'ayinta daban. Da na je ganin yabanya, ta zagaya da ni gefen gabas inda gero ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta ce, "Shekara nawa kana wahala da biro, ko tsinke bai hito ba? Wagga daga zama guda ta ba da buhu. Ka riƙe ta da kyau."

Bayanin nata ya ci gaba da zama a tsakiyar labarin. Ban cire ba, don duk zuwan da na yi sai ta tambaya, "Sunana na nan?" Ina son in ce yana nan in san ko a wannan ban yi mata ƙarya ba. Har na manta na aika wa mai buga littattafai da shi a haka, ya kira ni a waya yana tambaya wace ce wannan tsohuwa mai gona da ta ɓullo a bakin gulbi ta ɓace, ko aljana ce. Na cire a kwafinsa, na bar shi a nawa.

Kowace damina buhu yana zuwa daga masu kwamfuta. Shekarar da taki ya yi tsadar rashin imani na tsaya a gaban shagon taki a Isa ina tsine wa wannan hukuma mai alkawarin da ya fi ƙarfinta, mai shagon yana taya ni, bai san hukumar ce tsaye a gabansa da shuɗin tambari a aljihu ba. Akwai lokutan da na ɗaura niyyar faɗa mata gaskiya. In na je na ga yadda take ambaton abin a gaban baƙi, a gajarce, kamar ba komai ba, tana satar kallona, sai niyyar ta kwance.

Bara da bazara ta aiko a ce mini in zo da kwamfuta. Na same ta a ƙofar ɗaki, an jingina ta da bango. Gwiwoyi sun ƙi, ko rijiya ta daina zuwa. Ta ce ta ba ɗan ƙanin mijinta gonar ya noma, shi kuwa yana da ƙarfin sayen takinsa.

"Ka hidda sunana," ta ce. "Hakkin mutane na. Ba ni son in tahi da buhun wani bisa kaina."

Na ce a bari mana, ai ba ya cin wuri. Ta ce ba shawara ta kira ni ba. Ta sa na matso da kwamfutar kan cinyarta na nuna mata inda sunan yake. Ba ta iya boko ba, amma ta ɗora yatsa a kansa ta riƙe. Na ce sai ta ɗaga kafin in iya. Ta ɗaga. Na danna, baƙaƙen suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe, sunan kakana ya tafi, nata ya bi shi, layin ƙasa ya hau ya rufe wurin. Ta sunkuya tana nema.

"Ina wurin?"

"Babu wuri, Gwaggo. Haka take yi."

"Ko tabo?"

"Ko tabo."

Ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Ni kuwa na ga sunan da nake dubawa duk lokacin da na buɗe labarin nan ya tafi da dannawar yatsana, kuma na san ba sunan kaɗai nake shirin rasawa ba. Na kai hannu zan rufe, ta riƙe mini hannun riga.

"Tsaya. Gurbin kar shi tahi banza. Sa naka."

"Gwaggo, ai ni ba ni da gona."

"In ya hito ka sai da, ka sai hatsi. Tatsuniyar ga taka ba ta ciyar da kowa, ni kuma ga yadda nike. In ba ni, ban san wa za shi tsaya maka layi ba."

Na sa yatsu biyu na rubuta sunana, da ƙyar nake ganin madannan. Ta ce in sa na mahaifina, kada a ba wani mai irin sunana. Na sa.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Gwaggo."

"To," ta ce, ta mayar da kanta jikin bango ta lumshe ido. "Yanzu ko yau anka kira ni, na gama da kai."